Abin da testosteron ke yi, da abin da ake laƙaba masa

Duk wanda ya taɓa kiwon awaki ya san bambancin bunsuru da taure. Uwarsu ɗaya, harawarsu ɗaya, amma wanda aka dandaƙe tun yana ƙarami ba ya wari, ba ya bin akuya, ba ya neman karo, sai dai ya yi ta ƙiba. Makiyaya sun daɗe da sanin cewa sirrin yana cikin maraina. Abin da ba su da hanyar ganowa shi ne yadda wannan ɗan abu yake juya wuya da ƙaho da hali, alhali yana can nesa da su.

Yau sunan sinadarin da ke wannan aiki, testosteron, ya shiga bakin kowa. A Koira Kano, unguwar manyan gidaje ta birnin Yamai, saurayin da ke fita ɗaga ƙarfe da yamma a waya ya ji shi. Mahaifinsa ya ji shi a tallan maganin maza. Mahaifiyarsa kuma an ce mata shi ne ya sa yaron ya daina jin magana. Kowannensu ya kama wani gefe na gaskiya, ya ɗora masa abin da ba nasa ba. Kafin a raba gardama, sai a bi sinadarin daga inda ake ƙera shi har inda yake sauka.

A 1849 wani malamin jami'ar Gotingen ta Jamus, Arnold Berthold, ya dandaƙe 'yan zakaru. Zankonsu ya ƙi girma, suka ƙi cara, suka ƙi faɗa. Sai ya dasa wa wasu maraina a cikin ciki, inda babu wata jijiya da ta haɗa su da mazauninsu na asali. Waɗannan suka tashi cikakkun zakaru. Ashe ta jini saƙon yake tafiya. An ɗauki shekaru kafin a kama shi da hannu. A 1935 ne ayarin Ernst Laqueur a Amstadam ya tace shi daga marainan bijimai ya raɗa masa suna, kuma a shekarar Adolf Butenandt da Leopold Ruzicka suka haɗa shi a ɗakin gwaji.

Testosteron homon ne, wato sinadarin da wani sashe na jiki yake zubawa a jini don ya kai umarni ga wani sashe. Daga kolestarol ake ƙera shi, wannan kitsen da ake yawan tsorata mu da shi. A jikin namiji kusan duka daga maraina yake fitowa, kuma abin da baligi ke samarwa a yini bai wuce miligiram 5 zuwa 7 ba. Mace ma tana da nata, daga ma'ajiyar ƙwai da wata 'yar tsoka da ke bisa kowace ƙoda. A ma'aunin asibiti, yawancin maza suna tsakanin nanomol 8 da 30 a kowace lita ta jini, yawancin mata kuwa ƙasa da 2.

Maraina ba su da ikon kansu. Wani ɗan yanki a gindin ƙwaƙwalwa, hayifotalamos, yana sakin sinadari ɗigo-ɗigo zuwa ga fituwitari, wata tsoka mai girman ƙwayar wake da ke rataye a ƙarƙashinsa. Ita kuma ta aika nata homon, LH, ya gangara ta jini ya ce wa maraina su kama aiki. Idan testosteron ya yi yawa, ƙwaƙwalwa ta ji, ta rage aike. Idan ya ragu, ta ƙara. A riƙe wannan zagaye da kyau, don shi ne zai bayyana abin da allura ke yi wa mutum. Yawan sinadarin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya: ya fi hawa da sassafe, ya sauka da maraice. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa yake cewa a zo awon jini da safe, kuma ba ya yanke hukunci da awo ɗaya.

A ɗauke shi kamar takardar da fada ta aika wa masu unguwanni. Takarda ɗaya ce, amma ba ta aiki sai inda akwai mai karɓa ya karanta, kuma kowace unguwa da abin da za ta yi da ita. A cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai irin wannan mai karɓa. Idan testosteron ya same shi, su biyun sukan shiga inda aka ajiye bayanan gado, su kunna wasu, su kashe wasu. Tsoka ta karanta ta yi kauri. Ɓargo ya karanta ya ƙara jini. A wasu wuraren ma sai an sake rubuta takardar kafin ta karantu: fata da al'aura suna juya shi zuwa wani mai ƙarfi da ake kira DHT, ƙashi da kitse da ƙwaƙwalwa kuma suna juya wani kaso zuwa estrojin, wanda jama'a suka ɗauka na mata ne kaɗai.

Aikinsa mafi girma yakan ƙare tun kafin a san da cikin sosai. Makonni shida na farko, ɗan tayi namiji da mace siffarsu ɗaya. A mako na bakwai, idan akwai ƙwayar gadon da ake kira SRY, wadda ke kan kuromozom Y, sai maraina su fara tsiro. Daga wajen mako na takwas su fara zubo testosteron, har ya kusa kai na baligi kafin tsakiyar ciki. Shi yake gina bututun maniyyi a ciki, DHT kuma ya siffanta al'aura a waje. Idan saƙon bai zo ba, ko ya zo babu mai karɓa, jiki ya bi hanyar mace.

Mun san haka ne daga mutanen da tafiyar ta sauya musu. Akwai masu kuromozom XY, da maraina a ɓoye cikin ciki, da testosteron cike da jini, amma mai karɓa ba ya aiki sam. Ana haifarsu mata, su tashi mata, kuma sau da yawa ba a gane komai sai an ga al'ada ta ƙi zuwa. A 1974 likita Julianne Imperato-McGinley ta ba da labarin wasu iyalai a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika, inda ake haifar yara a raine su a matsayin mata, amma da balaga ta zo sai murya ta buɗe, ƙirji ya faɗaɗa, al'aurar maza ta bayyana. Jikinsu ba ya iya juya testosteron zuwa DHT yadda ya kamata, sai ambaliyar balaga ta cike wani ɓangare na giɓin. Mata-maza ba sabon abu ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun yi masa babi, har Muhtasar na Halil da hukuncin gadonsa ya rufe. Abin da ilimin likita ya ƙara shi ne nuna matakin da hanya ta rabu, kuma da sanin matakin ne ake iya taimakon yaro tun da wuri, maimakon a ɓoye shi a ɗaka.

Ƙwaƙwalwa ma tana karɓar rabonta a wannan lokaci. A 1959 masu bincike a jami'ar Kansas ta Amurka suka yi wa ɓerayen Masar masu ciki allurar testosteron. 'Ya'ya matan da aka haifa, da suka girma, suka riƙa nuna halin barbara irin na maza. Daga nan aka fahimci cewa aikin hawa biyu ne: a ciki yana shimfiɗa tsari, a balaga ya zo ya tada abin da ya shimfiɗa. A wurin mutum ba a iya irin wannan gwaji, sai dai a duba inda halitta ta yi shi da kanta. 'Yan matan da aka haifa da wata cuta ta tsokar saman ƙoda, wadda ke sa su sami sinadarin maza da yawa tun a ciki, sun fi sauran 'yan mata son wasan motoci, kamar yadda binciken Sheri Berenbaum da Melissa Hines ya nuna. Amma mafi yawansu sun girma suna jin kansu mata. Tasirin yana nan, sai dai karkatarwa yake yi, kuma a kan jimilla ake ganinsa. Ba a iya duban yarinya ɗaya mai hawan bishiya a karanta jininta.

Bayan haihuwa akwai wata 'yar hawa da iyaye ba su sani ba. Tsakanin wata ɗaya zuwa uku testosteron na jariri namiji yakan tashi, kafin wata shida ya kwanta. Daga nan shiru, kusan shekara goma. Yaro ɗan shekara bakwai da ƙanwarsa kusan ma'auninsu ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi hattara da cewa ƙiriniyar yaran firamare aikin sinadari ce.

Sai balaga. A wurin maza takan fara tsakanin shekara 9 da 14, kuma alamarta ta farko girman maraina ce, ba gemu ko murya ba. Ƙwaƙwalwa ke buɗe ƙofa, da farko cikin dare lokacin barci, har ma'aunin ya ninka sau ashirin ko fiye cikin 'yan shekaru. Gashi ya fito a mara da hammata, zakaran wuya ya turo, murya ta yi ta karyewa kafin ta zauna, fuska ta yi maiƙo da ƙuraje, kafaɗa ta buɗe, jini ya ƙaru. Yara maza da yawa kan ga nononsu ya ɗan kumbura yana zafi, su shiga damuwa su kasa faɗa wa kowa. Estrojin ɗin da jiki ya juya ne, kuma galibi yakan baje da kansa.

Wannan estrojin shi ne kuma yake rufe bakin ƙashi ya tsayar da tsawo. A 1994 likitoci a Amurka suka ba da rahoton wani mutum ɗan shekara 28, tsawonsa santimita 204, yana ci gaba da tsawo. Testosteron ɗinsa lafiya lau, mai karɓar estrojin ne ya lalace. Haka bābānnin fada, irin waɗanda Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa ya fara ba su sarautu: wanda aka dandaƙe kafin balaga yakan yi dogayen ƙafafu da hannuwa, murya siririya, fuska ba gemu, kuma ba ya sanƙo. DHT ɗin da ke tsirar da gemu shi ne yake cinye gashin kan wanda ya gaji sanƙo.

Ba kowa ne yake balaga tare da sa'o'insa ba. Tamowa tana jinkirta ta, ciwon sikila ma haka, kuma a Nijar duka biyun ba baƙi ba ne. Hangum idan ya kama baligi yakan sauka a maraina ya yi ɓarna. Mazhabar Malikiyya ta ajiye shekara 18 ga wanda alama ba ta bayyana masa ba, don hukuncin shari'a ya hau kansa. A wajen likita kuwa, yaron da ya kai 14 babu alama ko ɗaya ya cancanci a duba shi. Mafi yawa jinkiri ne na gado da zai wuce, amma a cikinsu akwai wanda magani zai yi wa rana.

Yanzu ga inda gardamar take: hali. Mahaifiyar nan ta Koira Kano ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba. A lokacin balaga sassan ƙwaƙwalwa masu kula da sha'awa da tsoro da neman yabo suna amsa kiran sinadarin da wuri, goshin ƙwaƙwalwa kuwa, mai auna abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai an haura shekara ashirin. A wannan tazara ake tseren babur da rigimar banza. Sha'awar jima'i ma babu musu, tana bin testosteron, ko da yake da zarar ya kai matsakaici, ƙari ba ya ƙara komai mai yawa.

Faɗa ne ake yi masa ƙazafi a kai. In aka auna mazaje da yawa aka kwatanta ma'auninsu da zafin ransu, dangantakar da ake samu 'yar kaɗan ce. Robert Sapolsky na jami'ar Stanford ya yawaita ba da misalin wani gwaji da aka yi da birai. An bar su suka jera kansu, kowa ya san na gaba da shi. Sai aka ɗura wa na tsakiya testosteron. Ya ƙara faɗa, gaskiya ne, amma na ƙasa da shi kaɗai ya addaba, manyansa kuwa ya ci gaba da rusuna musu. Sinadarin bai ƙirƙiro gaba ba, wadda ke akwai ya ƙara wa wuta, a kan hanyar da zaman tare ya riga ya shata.

Wani gwajin da aka yi a Zurik, aka buga a 2010, ya fi ba da mamaki. An ba wasu mata testosteron, wasu kuma maganin bogi, babu wadda ta san abin da ta sha, aka sa su wasan raba kuɗi. Waɗanda suka sha na gaske sun fi yin rabon adalci. Waɗanda suka yi zaton sun sha, ko da bogi aka ba su, su ne suka fi cuta. Sunan sinadarin ya fi sinadarin mugunta. Gwaji ɗaya ne, ba a gina gida a kansa, amma ya dace da abin da masana da yawa suka karkata gare shi: testosteron yana sa mutum ya damu da matsayinsa, ya ƙi a raina shi. Hanyar samun matsayin kuwa jama'a ke shata ta.

Wanda ya kalli fim ɗin Zinder na Aicha Macky, wanda ya fito a 2021, ya ga samarin Kara-Kara suna ɗaga ƙarfe, ƙwanji ya zama musu takardar shaida a wurin da babu aiki babu makaranta. Sa'ansu a Koira Kano jininsu ɗaya, amma shi gasarsa a sakamakon jarrabawa take, ko a motar da aka sauke shi da ita. A filin kokawa kuma, inda ake neman takobi tun 1975 da aka fara a Tawa, an ɗaure wannan zafin da doka da alƙali da kiɗa, har wanda aka kayar ya tashi ya rungumi wanda ya kayar da shi. Bincike a kan 'yan wasa ya nuna ma'aunin yakan hau gab da karawa, kuma sau da yawa ya fi daɗewa a sama a jikin wanda ya yi nasara. Wato wani lokacin halin da mutum ya shiga ne yake tada sinadarin, ba sinadarin ne ya jefa shi a ciki ba.

Yana kuma sauka idan rayuwa ta bukaci haka. A Sebu ta ƙasar Filifin an bi samari 624 na tsawon shekaru, aka buga sakamakon a 2011. Masu ma'auni sama sun fi saurin samun mata, amma da suka haihu sai ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu da safe, kashi ɗaya cikin uku da yamma, kuma ya fi faɗuwa a wurin masu ɗaukar jariri da hannunsu. A Tanzaniya an kwatanta ƙabilu biyu maƙwabta. Iyaye maza na Hadza, masu kwana kusa da 'ya'yansu suna riƙonsu, nasu ya yi ƙasa da na marasa 'ya'ya. Makiyayan Datoga, waɗanda reno aikin mata ne a wurinsu, ba a ga bambanci ba.

Mu koma ga uban da ke sauraron talla. Daga shekara 30 zuwa 40 ma'aunin yakan fara raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 a shekara, a hankali, ba kamar ɗaukewar al'adar mata ba. Abin da ya fi shekaru saurin kayar da shi shi ne tumbi, da ciwon suga, da giya, da rashin barci. A wani ƙaramin gwaji a Shikago a 2011, samarin da aka taƙaita wa barci zuwa awa biyar na mako guda nasu ya ragu da kashi 10 zuwa 15. Tramol, wanda wasu ke sha don ƙarfin aiki ko don daɗewa a shimfiɗa, yana cikin dangin magungunan da ke danne aiken ƙwaƙwalwa zuwa maraina. Raunin gaba kuma, wanda mai lasifika a kasuwa ke ɗora wa basir da sanyi, mafi yawansa daga jijiyoyin jini ne, ko hawan jini, ko suga, ko damuwa. Wani lokacin shi ne gargaɗin farko na ciwon zuciya, kuma allurar homon ba ta gyara shi.

Saurayin mai ɗaga ƙarfe shi ya fi kowa gaskiya, shi kuma ya fi shiga haɗari. Allurar testosteron tana aiki. A gwajin Shalender Bhasin na 1996, mazan da aka yi wa miligiram 600 a mako tare da motsa jiki sun ƙara kimanin kilo 6 na tsoka cikin mako goma. Amma a tuna zagayen nan na baya. Ƙwaƙwalwa ta ga jini cike, ta daina aike. Maraina su daina aiki su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har ya kai babu. Tabbacin haka ya kai Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada wannan allura a matsayin maganin hana haihuwa na maza, ta buga sakamakon a 1990. Yawanci haihuwa takan dawo bayan watanni da dainawa, amma wanda ya daɗe yana yi da yawa kan jira shekaru. Ga kaurin jini, ga nono, ga nauyi a kan zuciya. Wanda awo ya tabbatar jikinsa ba ya samarwa, a wurinsa magani ne na gaske, a hannun likita. Ana kuma yawan mantawa da mata: wajen ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa suna da matsalar ma'ajiyar ƙwai da ke ɗaga sinadarin maza, ta kawo gashin haɓa da rikicewar al'ada da jinkirin ɗaukar ciki, kuma ana samun sauƙinta a asibiti.

Babu inda wannan lamari ya taɓa Nijar a bainar duniya kamar filin tsere. A Yulin 2019, a Lozan ta Suwizalan, Aminatou Seyni ta yi gudun mita 400 cikin daƙiƙa 49.19, lokacin da mata biyu kaɗai suka fi shi a duniya a shekarar. A shekarar ce dokar hukumar guje-guje ta duniya ta fara aiki, wadda ta ce matan da ke da wasu bambance-bambancen halitta ba za su shiga tseren mita 400 zuwa mil ɗaya ba sai sun sauke testosteron ƙasa da nanomol 5. Seyni ta koma mita 200, inda dokar ba ta kai ba a lokacin, ta kuma zo ta huɗu a gasar duniya ta Yujin a 2022. A Maris 2023 aka sauke iyakar zuwa 2.5, aka shimfiɗa ta a kan kowane tsere.

Hujjar hukumar ba ta banza ba ce: tazarar kusan kashi 10 zuwa 12 cikin 100 da ke tsakanin gudun maza da mata a balaga take buɗewa, kuma testosteron ne ya buɗe ta. Amma ita ma mai gudun tana da tata: ba ta sha komai ba, haka aka haife ta, mace aka raine ta, ana kuma neman ta sha magani ba don ciwo ba. A ganina, duk wanda ya ce amsar mai sauƙi ce, gefe ɗaya ya saurara. Daga 1 ga Satumba 2025 hukumar ta ƙara wani sharaɗi, gwajin SRY ga duk macen da za ta shiga manyan gasanni. Andrew Sinclair, wanda yana cikin waɗanda suka gano wannan ƙwayar gado a 1990, ya fito fili ya soki matakin. Dalilinsa shi ne gwajin yana nuna cewa SRY tana nan ne kawai, ba ya nuna ko maraina sun tsiro, ko sun zubo sinadarin, ko jikin yana da mai karɓarsa.